Almarar Girkawa da Rumawa a Idon Ɗan Zazzau

Almarar Girkawa da Rumawa labarai ne na alloli da jarumai da kafuwar birane, waɗanda aka daɗe ana bayarwa da baki kafin a rubuta su. A jami'a akan fara da waƙoƙin Homer guda biyu, Iliad da Odyssey, sai Hesiod da ya jero asalin allolinsu, sannan a gangaro kan marubutan Rum irin su Virgil da Livy. A Najeriya, Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ita ce ta yi suna da sashen wannan fanni. Karatu ne na nazari, ba ruwansa da bauta. Abin da malami ke so ɗalibi ya gano shi ne wa ya ba da labarin, a wane zamani, kuma wa ya amfana da shi.

Virgil ya isa misali. Ya rubuta Aeneid a zamanin Sarki Augustus, ya danganta gidan sarkin da Aeneas, jarumin da ya tsere daga birnin Troy. Ta haka waƙa ta zama hujjar sarauta.

Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne a nan. Girkawa sun ce Kadmus ya taso daga gabas, ya kashe macijin da ke tsare da wani marmaro, ya kafa birnin Thebes. Duk wanda ya san Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura zai ji kamar a gida ake zancen, kuma Zazzau na cikin Hausa Bakwai da wannan labari ya haɗa. Kamannin bai nuna wani ya ara daga wani ba. Al'ummomi da yawa sun bayyana asalin mulki da baƙon da ya buɗe wa mutane hanyar ruwa.

Ganuwa ma haka. Rumawa sun ce Romulus ya kafa birninsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kashe ɗan'uwansa Remus don ya tsallake masa ganuwa. A Zariya, mai shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan yana ganin ragowar tudun jar ƙasa, zaizaya ta cinye wani gefen, gidaje sun matso wani. Sunan Sarauniya Amina ake kamawa idan ana maganar ganuwa a ƙasar Hausa, alhali masana ba su daidaita kan zamaninta ba: Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, wasu sun kai ta na 16.

Irin wannan tankaɗe da rairaya Farfesa Abdullahi Smith ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1970 ya nuna cewa biranen Hausa sun ginu sannu a hankali daga ƙauyuka da garuruwa, labarin Bayajida kuma ba zai iya bayyana kafuwarsu shi kaɗai ba.