Jirgin da Nauyin Ruwa Ke Hawa da Shi Dutse

A yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila akwai garuruwa biyu, ɗaya bisa ɗaya. Lynmouth na ƙasa a bakin teku, Lynton na can ƙololuwar dutse, ya ɗara shi tsayi da kusan mita 150. Tun shekarar 1890 wani ɗan jirgin ƙasa ke jigilar mutane tsakaninsu, ba gawayi, ba fetur. Taragu biyu ne aka haɗa da igiyar ƙarfe da ta zagaya wani babban gargare a sama, in wannan ya gangara dole wancan ya hau. Injiniya George Croydon Marks ne ya tsara shi, attajirin mawallafi George Newnes ya zuba kuɗin.

Ina koyar da fiziks a sakandare, kuma ba zanen da ke sa ɗalibaina tagumi kamar na akwatuna biyu ɗaure da igiya, ɗaya kan gangara, ɗaya na reto. Abin yana damuna ƙwarai, domin abin da zanen ke faɗa mai sauƙi ne, kuma jirgin Lynton shi ne zanen nan da ransa.

Kowane tarago na da tanki a ƙarƙashinsa mai cin galan 700, wato sama da lita 3,000. Ruwan daga kogin West Lyn yake zuwa ta bututu, a cika tankin wanda ke sama. In za a tashi, sai direban na ƙasa ya zubar da nasa ruwan har na sama ya rinjaye shi. Shi ke nan, tafiya ta fara.

Duk abin da ke bisa yana riƙe da makamashi gwargwadon nauyinsa da tsayin da yake. Taragun biyu nauyinsu ɗaya ne, saboda haka abin da na sama ya rasa wajen sauka, shi na ƙasa ke samu wajen hawa, sun biya juna. Abin da ya rage a lissafi shi ne rarar nauyi kawai. Shi ya sa nake ce wa yara su daina wahalar da kansu da ƙarfin da igiya ke ja da shi. Igiya ’yar aike ce, abin da ta karɓa a wannan kai shi take miƙawa a wancan. Ku ɗauki akwatunan biyu a matsayin abu guda, ku tambaya: nawa aka rasa a tsayi, ina ya tafi?

Amsar tana da ban sha’awa. Jirgin a tsaye yake kafin ya tashi, a tsaye yake bayan ya isa, ba gudun da ya rage masa. To ina makamashin rarar nauyin nan? A ce rarar ta kai nauyin lita 1,000 na ruwa. Saukarta mita 150 ta saki kusan jul miliyan ɗaya da rabi. Kusan dukkansa gogayya ta mayar da shi zafi, a birki, a ƙafafun taragun, a bakin gargare, ɗan kaɗan kuma ya fita a ƙara. Zafin da zai tafasa lita huɗu zuwa biyar na ruwa ke nan. Ko ƙwayar jul ɗaya ba ta ɓace ba.

Wanda ya tabbatar da haka da awo shi ne James Prescott Joule, a Manchester, a shekarun 1840. Shi ma da igiya da gargare ya yi aikinsa: ya rataya nauyi, saukarsa na juya wata fanka a cikin ruwa, shi kuma yana auna yadda ruwan ke ɗumama. A ma’aunin yau, kusan jul 4,200 ne ke ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne gogayya a kan gangara. Ba duk nauyin akwati ne ke danne ƙasa ba. A gangara mai digiri 30, ƙarfin da ke jan akwatin ya sulale rabin nauyinsa ne, wanda ke danne shi kuma kusan kashi 87 cikin 100 ne, a kan wannan na biyun ake lissafa gogayya. Sai a ninka ta da tsawon hanyar da aka goga, ba da tsayin dutsen ba. A Lynton layin dogon ya haura mita 260, alhali tsayin 150 ne kawai.

Ban yarda a riƙa koya wa yara cewa gogayya asara ce kawai ba. Ba don ita ba, da taragon sama zai yi ta ƙara gudu har ya tarwatse a Lynmouth. Aikin direba kacokan shi ne ya mayar da makamashin nan zafi a hankali, daidai da abin da ƙarfen birki zai iya ɗauka. Wanda ya taɓa bin Hawan Kibo a hanyar Jos ya san warin birkin tirela mai lodi. Ita ba ta da tarago na biyu da zai karɓi rabon makamashinta, dukkansa kanta yake sauka. In direba ya danne birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfen zai yi zafin da zai daina kamawa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sa ƙaramar giya tun kafin gangarar ta fara, don inji ya ɗauke wa birki wani kaso na zafin.