Maratayin Kyamara: Hakin Da A Ke Rainawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Kudu a Kano ran hawan Daushe ya san yadda masu ɗaukar hoto su ke fama. Sai ka ga mutum da kyamara guda a wuya, guda a kafaɗa, ga jaka a baya, yana kutsawa cikin taro, in dawaki sun taso jahi ya yi tsalle gefe guda. Jama'a kyamarar su ke kallo, suna ƙiyasta kuɗinta. Ba mai duban 'yar igiyar da ta ke rataye da ita. To, mu yau a kan igiyan nan za mu yi magana, domin ita ce mafi araha cikin kayan, amma dukiyar duka a wuyanta ta ke.

Dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu jawo hankalin masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, shi ne sau da yawa su a kan danƙa wa kyamarar ofis ko ta makaranta. Su ke sa hannu a littafin sito, su kuma a ke tuhuma in ta fashe. Batun kuɗi ma da sauƙi, ana iya biya da kaɗan kaɗan. Amma hoton ran da Sarki ya buɗe makaranta, in ya wuce ya wuce ke nan, ba wanda zai sake tara jama'a don maratayinka ya tsinke.

Bari mu fara da nauyi. Kyamarar da 'yan jaridar Amurka suka fi riƙo har cikin shekarun 1950, wadda a ke kira Speed Graphic, ta haura kilo 2, shi ya sa aka yi mata mariƙi na fata a gefe, mutum ya zura hannu ya riƙe gam. Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fito a 1929, a wuya a ke rataya ta. Mutum zai zaci da zamani ya ci gaba kaya sun yi sauƙi, amma ina! Babbar kyamarar masu sana'a ta yanzu ta kan kusa kilo 1 da rabi. Bututun gilashi mai jawo nesa kusa, na milimita 70 zuwa 200, ya kan kai kilo 1 ko 1 da rabi. Ƙato kuwa na milimita 600, irin na masu ɗaukar wasan ƙwallo da namun daji, sabon ƙira kimanin kilo 3 ne, tsofaffin har sun wuce kilo 5.

Wani zai ce, ai kilo 5 ba kome ba ne, igiyar ɗaurin akuya ma ta ɗauka. Gaskiya ne, amma a tambayi mai jan ruwa a rijiya. Igiyar guga ba ta cika tsinkewa sa'ad da a ke janta sannu a hankali ba, ko da gugan ya cika. Abu biyu ke kashe ta, watau fizga da gogayya. In guga ya suɓuce ya yi ƙasa sa'an nan aka tare shi farat ɗaya, ƙarfin da igiya za ta sha ya ninka nauyin ruwan sau da yawa. Haka kuma inda ta ke gugar itacen bakin rijiya, nan ta ke cinyewa, zare bayan zare. To, haka maratayi ya ke. Mai hoto ya yi tsalle, kyamara ta tashi ta dawo, fizga ke nan. Tafiya kuwa ko wane taki gogayya ce.

Saboda haka wuya ne ka ga maratayi ya tsinke a tsakiya, wurin nan mai faɗi da ke kwanciya a kafaɗa. A mahaɗa ya ke ba da kai, kuma mahaɗan huɗu ne.

Na farko shi ne ɗan zoben ƙarfe mai ninki biyu, irin na makulli, wanda ke shiga kunnen kyamara. In an cika buɗe shi ya kan saki baki, sa'an nan ya riƙa juyawa da kansa har ya fice.

Na biyu shi ne sukurun gindi. Ƙarƙashin kyamara akwai rami mai zare inda a ke ɗora ta bisa mazauni mai ƙafa uku. Faɗinsa rubu'in inci ne, da zare 20 cikin ko wane inci, kuma ramin ba zurfi, juyi kaɗan ne ke riƙe da shi. Akwai maratayan da a ke ɗaurawa nan, kyamara ta sauko a kwiɓi kamar takobi a hamila. Suna da daɗin aiki ƙwarai, amma lilon da kyamara ke yi yana iya kwance sukurun, mai ita bai sani ba.

Na uku shi ne ɗinki, da lanƙwasar da fata ko zare ke yi a jikin zobe, da 'yar robar da a ke zura igiya ciki don ragewa ko ƙarawa. In an zura ta a baibai, igiya ta kan zame sannu sannu.

Na huɗu shi ne bakin kyamara inda gilashi ke ɗauruwa. In gilashi ya fi kyamara nauyi aka rataye su ta kunnen kyamara, bakin nan ne ke ɗauke da kayan duka. Don haka ne a ke yi wa manyan gilasai ƙafa, wadansu har da kunnuwan kansu. Ƙa'ida ita ce a rataye ta wajen wanda ya fi nauyi.

Kada a zaci tsada ita ke hana wannan. Akwai wani kamfani na Amurka, Peak Design, mai yin wadansu 'yan maɓallai masu siririyar igiya, wadda ya ce tana ɗaukar kilo 90. A 2018 kamfanin ya ba da sanarwa cewa igiyar ƙira ta uku tana iya cinyewa da wuri, ya musanya wa mutane da mai kauri kyauta. Abin yabo ne da bai ɓoye ba. Amma darasin a fili ya ke, lissafin kilo 90 na sabuwar igiya ne, ba na wadda ta shekara tana gugar ƙarfe ba. Dabarar da ke jikin igiyan nan abin koyi ce: launin cikinta dabam da na waje, da zarar na ciki ya leƙo ka san lokacin canji ya yi.

Har a sararin samaniya, inda kaya ba su danna kafaɗa, an sha wannan asara. A watan Yuli na 1966 Michael Collins, wanda daga baya ya tafi tare da masu sauka a wata a 1969, ya fita daga kumbon Gemini 10 da kyamara Hasselblad ta ƙasar Suwidin. Ta kuɓuce daga inda ya maƙala ta, ta tafi da duk abin da ya ɗauka a ciki. Bayan shekara 40, a Disamba na 2006, Sunita Williams tana aiki a wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ita ma kyamararta ta kwance ta yi gaba. Mutanen da a ke horarwa shekara da shekaru ke nan. Ashe ko ba nauyi, in mahaɗa ta saki an rabu.

Ƙasarmu kuwa tana da nata larura. Hunturu na busar da fata har ta tsattsage, damina ta sa ta yi hunhuna, gumi kuma ya ci ɗinki ya sa ƙarfe tsatsa. Zaren nailan ba ruwansa da hunhuna, amma zafin rana na raunana shi in an daɗe. Wanda zai ba baduku aiki ya gaya masa nauyin kayan. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya wajen laushi da kyau, amma ita kaɗai ta yi siriri ga ƙaton gilashi. A sa jemammiyar fatar saniya mai kauri, ko zare mai ƙarfi a ciki, ta akuya ta zama ado daga waje, a kuma ninka ɗinki a mahaɗa.

Shawararmu ga wanda aka danƙa wa irin kayan nan gajeruwa ce. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun jajibere a zauna a bi maratayi da yatsa daga kunne zuwa kunne, a lanƙwasa fata a ga ko ta tsage, a matse sukuru, sa'an nan a fizge shi da ƙarfi bisa katifa. In kayan masu nauyi ne, a ƙara 'yar igiya ta biyu a wata mahaɗa dabam, in guda ta saki guda ta tare. Cikin turmutsutsu, hannu ya zauna a kan gilashi. Akawu kuma ya rubuta maratayi a littafin sito da ranar da aka saye shi, kamar yadda ya ke rubuta kyamarar, ya nemi sabo tun tsohon bai nuna gajiya ba. Neman kuɗin maratayi ya fi sauƙi bisa rubuta bayanin yadda kyamara ta fashe.

Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Allah ya kiyashe mu da da-na-sani, amin.