Amsoshin Takardunku: Wane Ne Billy Cobham?

Tambaya: Fatawarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram. Ya ce gardama ta kaure tsakaninsa da abokinsa, wanda ya dage cewa mai ganga har abada yaron mawaƙi ne. Shi kuwa ya ji ana ambaton wani Billy Cobham. Shin wane ne shi?

Amsa: To Malam, madalla da wannan tambaya. An haifi Billy Cobham a garin Colon na ƙasar Panama a 1944, amma a birnin New York na Amurka ya tashi. Ya yi kiɗa a rundunar sojan Amurka daga 1965 zuwa 1968, daga nan ya yi aiki da manyan makaɗan jaz irin su Horace Silver da Miles Davis.

A 1971 ne tauraronsa ya haska, lokacin da shi da John McLaughlin, wani makaɗin gita ɗan Ingila, suka fara wasa a ƙungiyar Mahavishnu Orchestra. Salonsu shi ne gauraya kiɗan jaz, wanda makaɗi ke ƙirƙira nan take, da ƙarfi da amon kiɗan rok.

Me ya bambanta shi da saura? Akasarin makaɗan gangunan Turawa gicciya hannu suke yi, hannun dama ya haye kan na hagu. Shi kuwa hannu a buɗe yake kiɗa, hagu na riƙe da ma'aunin kiɗan a farantin ƙarfe, dama na yawo kan ganguna. Ga kuma manyan ganguna biyu da yake bugawa da ƙafa. Sai ka rantse mutum biyu ne ke kiɗa.

A 1973 ya fitar da faifansa mai suna Spectrum, kuma shi ya tsara kiɗan, shi ne jagora. Shekara 18 bayan nan, a 1991, ƙungiyar Massive Attack ta Ingila ta ɗebi wani yanki na kiɗansa Stratus ta gina waƙarta a kai.

Ya daɗe da komawa Suwizalan da zama, kuma a 2024 ya cika shekara 80 bai ajiye sandar kiɗa ba.

Saboda haka Malam, ka gaya wa abokinka cewa ga mai gangar da ya zama uban tafiya. Da fatan ka gamsu.