Wankan Ganye da Sirace: Ina Iyakar Amfaninsu Ga Mura?

Da zarar iskar hunturu ta kunno kai a watan Nuwamba, hazo ya lulluɓe Kogin Kaduna, sai tari da atishawa su cika gidajen Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi har zuwa Sabon Tasha. A irin wannan lokaci tukunyar ganye kan riga likita shiga gida. Uwa kan tsinko darbejiya da ganyen mangwaro da na gwaba, ta haɗa da ganyen bishiyar turare da ɓawon lemun tsami, ta tafasa. Sai a lulluɓa da bargo a yi sirace, sannan a sirka ruwan a yi wanka, ko a zaunar da yaro cikin baho.

Ba banza wannan al'ada ta samu gindin zama a kudancin birnin ba. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga sassan ƙasar nan, kowa da tsarabar garinsu: Bahaushe da tazargade, Bayarbe da agbo. Zaman haya a gida ɗaya ya sa maƙwabta suka koyi na juna. Yau masaƙun sun durƙushe, magani ya yi tsada, ganye kuwa yana nan a ƙofar gida kyauta.

To, me wankan yake yi? Mura dai ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, ire-irensu sun haura 200, kuma takan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ruwan ɗumi yana sassauta ciwon jiki, ya kawo barci, ƙamshin ganyen turare kuma ya sa mutum ya ji hancinsa ya buɗe. Amma ba ya kashe ƙwayar cutar. Nazarin da cibiyar Cochrane ta sabunta a 2017 bai sami tabbatacciyar hujjar cewa shaƙar tururi na warkar da mura ba. Duk da haka, wanka mai ɗumi ya fi sayen maganin kashe bakteriya a kemis ba da umarnin likita ba, domin wannan ba ya taɓa bairos ko kaɗan.

Sai dai kada garin neman gira a rasa ido. Ruwan da ya kai digiri 60 yana iya ƙona fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, kuma yaro a ƙarƙashin bargo motsi ɗaya ya ishe shi kifar da tukunya. Kafur yana iya jawo wa ƙaramin yaro jijjiga idan ya haɗiya. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kisa cikin barci. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Zafi ma yana da iyaka.

Babban haɗarin kuwa shi ne jinkiri. Ciwon namoniya yakan faro kamar mura, zazzaɓin cizon sauro ma yakan ɓuya a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin da kowace uwa za ta iya amfani da shi: a ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance lafiya. Idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ba aikin tukunya ba ne. Haka nan idan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi zazzaɓi. Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard duk suna Kakuri, ba sai an tsallaka gada ba.

Saboda haka a yi wankan, amma da lura. A gwada ruwan da gwiwar hannu kafin a saka yaro, kada a bar shi shi kaɗai a baho, a kuma bar sirace ga manya. A yawaita ba shi abin sha mai ɗumi, da zuma idan ya haura shekara 1. Ganye na da ranarsa, asibiti ma na da tasa, kuma hikimar iyaye ita ce sanin ranar kowanne.