Yadda Ake Gwada Juriyar Masara Ga Ciwon Ruɓewar Kara

Ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, sun fi arewacin jihar samun ruwan sama, don haka masara ta sami gindin zama a cikinsu tare da gero da dawa. Amma akwai wani ciwo da ke yi mata ɓarna a ɓoye. Manomi zai ga masararsa ta yi goyo, ya fara lissafin buhuna, sai iskar ƙarshen damina ta kwantar da ita ƙasa, gara ta cinye. In an tsaga karan, sai a tarar totuwarsa ta ruɓe.

Wata irin funfuna ce ke haddasa wannan. Wadda masana ke kira Fusariyum takan bar cikin kara da ja-ja, Makrofomina kuwa takan mai da shi kamar an barbaɗa garin gawayi. Tana kwana cikin ƙasa da ragowar karan bara, tana shiga ta saiwa ko ta ramin da tsutsa ta huda, ta fi kuma ƙarfi idan ruwa ya ɗauke bayan masara ta fid da gemu.

Masu bincike ba sa zaman jiran ciwo ya zo da kansa, domin wata shekarar ba ya bayyana, sai ragon iri ya wuce da sunan jarumi. Da gangan suke sa shi. Akan dafa tsinken sakace, a rena funfunar a jikinsa, sa'an nan a soke shi a gaɓa ta biyu daga ƙasa, kamar mako guda bayan fitar gemu. Bayan mako uku ko huɗu sai a tsaga karan, a duba iyakar inda ruɓar ta kai, a ba shi maki daga 1 zuwa 9. A Amurka aka fito da wannan dabara a 1943.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ita ce ke fitar da irin masara mai suna SAMMAZ. Sai dai damina ta fi tsawo a Samaru. Irin da ya tsaya da ƙafarsa a can, ya kamata malaman gona su sake gwada shi a gonakin Kebbe da Tambuwal kafin a ce wa talaka ya zuba kuɗinsa.

Shi ma manomi yana da nasa gwajin: dab da kaka ya matsa gindin kara da yatsu biyu. In ya lotsa, to, ya gaggauta girbe wannan gonar tun iska ba ta riga shi ba.