A Daina Dire Gilashin Finbol a Kan Siminti

Akwai wata ɗabi'a da ta ishe ni gani a bidiyoyin masu gyaran injin wasan finbol na Amurka da Turai. Mutum zai zaro gilashin da ke rufe filin wasan, ya dire shi tsaye a kan simintin gareji, ya jingina shi da bango, ya ci gaba da surutunsa. In an yi masa magana sai ya ce ai gasasshen gilashi ne, ko guduma ba ta fasa shi. Masu koyo suna kallo suna kwaikwaya, ranar da gilashi ya tarwatse a gabansu kuma su ce tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne, ganganci ne.

Finbol dai injin wasa ne mai ƙafa huɗu, ana harba ƙwallon ƙarfe a kan allo mai gangara, ɗan wasa yana mayar da ita sama da 'yan sanduna biyu. Birnin Shikago ne cibiyarsa tun zamanin kamfanonin Gottlieb da Bally da Williams, har yau kuma Stern yana ƙera shi a bayan garin. Gilashin da aka saba sawa faɗinsa inci 21 ne, tsawonsa inci 43, kaurinsa kusan milimita 5, nauyinsa wajen kilo 7.

Masu cewa yana da ƙarfi ba ƙarya suka yi ba, rabin zancen suka riƙe suka yar da rabi. Ana gasa gilashin a wuta har zafinsa ya haura digiri 600, sannan a busa masa iska mai sanyi ta fuska biyu. Bayansa ya daskare nan take, cikinsa kuwa ya huce a hankali yana ƙanƙancewa yana janyo bayan. Sai a samu fatar waje a matse tam, cikin kuma a ɗame. Wannan matsin ne ya sa fuskarsa ta fi ta gilashin tagar gida ƙarfi kusan ninki huɗu, shi ya sa ƙwallo mai nauyin giram 80 take tsalle ta doke shi daga ƙasa bai ko gezau ba. Amma fatar nan da ake taƙama da ita kaurinta bai fi milimita ɗaya ba. Abin da ke ƙarƙashinta ɗanannen tarko ne da ke jiran a taɓa.

Gefen gilashin da kusurwoyinsa huɗu su ne wurin taɓawar. Idan ka dire shi a kan siminti ko tayil, ba a kan shimfiɗaɗɗen wuri ka ɗora shi ba, ko da idonka ya nuna maka haka. A kan ƙwayar yashi ɗaya ko biyu ka ɗora kilo 7, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Da zarar ƙwayar ta huda fatar ta kai ga cikin da ke ɗame, tsagewar tana gudu fiye da kilomita ɗaya a daƙiƙa, gilashin gaba ɗaya ya zama tsakuwa kafin ka ƙifta ido. Abin ba sabo ba ne. Tun wajajen 1660 Yarima Rupert ya kawo wa Sarki Charles na Biyu na Ingila wasu ɗigon narkakken gilashi da aka jefa cikin ruwan sanyi: a doki kansu da guduma su ƙi fashewa, a karya siririyar jelarsu su koma gari.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa ya sha ajiyewa a kan siminti ba abin da ya faru. To, sa'a ka ci, sa'a kuma ba hujja ba ce. Ɗan ɓantaren da gefen ya samu yau ba lallai ya fasa shi yau ba. Yana iya kwana, har ya yi kwanaki, sai bayan an mayar da shi kan injin ya tarwatse ba wanda ya taɓa shi. Daga nan aiki ya same ka, domin dubban gutsattsari za su shige ramuka da layukan ƙwallo da maɓallai, wanda ya saura kuma ƙwallo ta riƙa nika shi a kan zanen allon da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Ga shi gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba za ka sayi babba a kasuwa ka rage ba, sai an yi maka odar daidai awonsa. In kuwa irin mai hana ƙyallin fitila ne, kuɗinsa ya ninka na talakan gilashi sau da yawa. Haba, duk wannan saboda ƙyuyar neman kwali?

Shirya masaukin gilashin tun kafin ka taɓa makullin injin. Shimfiɗa kwali mai kauri, ko tsohon bargo, ko kafet, ko katako biyu a gindin bango, a lungun da ba hanyar wucewa ba. Kashe injin. Buɗe ƙofar da ake jefa kuɗi, ja hannun da ke ciki, ɗaga ƙarfen da ya danne bakin gilashin, amma ɗaya hannunka ya kasance a kan gilashin, don injin a gangare yake, gilashin yana iya sulɓowa da kansa ya sauka a kan yatsun ƙafarka. Duba bayanka akwai filin da ya haura mita ɗaya. Ja shi a hankali a miƙe, kada ka danna shi ƙasa ko ka ɗaga shi sama alhali rabinsa na cikin layin da ke riƙe gefensa. In ya fito, riƙe shi da hannu biyu ta dogayen gefen, a tsaye kusa da jikinka, idonka a kan kusurwoyi kada su gogi ƙofa ko ƙafar injin da ke kusa. Sauke shi sannu a kan shimfiɗar, ka karkata shi kaɗan, ka sa tsumma tsakanin samansa da bango. Kada ka kwantar da shi a ƙasa ko a kan kujera, domin ba a ganinsa, wani zai taka ko ya zauna. Manna masa ɗan salatif mai launi, ka kuma kori yara daga ɗakin. Wajen mayarwa ma kada ka tura shi da ƙarfi ya daki ƙarshen layi.

A tsofaffin injuna akan tarar da gilashin da ba a gasa ba, shi kuwa dogayen ɓaraguzai masu kaifi yake yi, masu yanka jijiya. Nemi tambarin gasasshen gilashi a kusurwa, in ba ka gamsu ba ka canza shi. Gaskiya ne wani gasasshen gilashin yakan fashe da kansa saboda 'yar ƙwayar sinadari da ta maƙale a cikinsa tun a masana'anta, amma wannan ba kasafai ba ne.

Kai da ba ka taɓa ganin finbol ba, kada ka ce ba ruwanka. Irin wannan gilashin ne a tagogin gefen mota da kuma da yawa daga cikin teburan gilashi da ke falonmu. Ranar da za ka ɗaga saman tebur don shara ko ƙaura, nemi kwali tukuna.