Ciwon daji na fankireyas: yaushe ake fiɗa?

Fankireyas wata tsoka ce bayan tumbi, dab da manyan jijiyoyin da ke kai jini ga hanta da hanji. A da, in ciwon daji ya naɗe su, lokotoro sai ya janye hannu. Tun 2011, da likitocin Faransa sunka gwada ƙarfin haɗin magunguna mai suna Folfirinox, dabara ta sake: a fara da magani na watanni, in ciwon ya tsaya, a yi fiɗa, wani lokaci a yanke jijiyar a ɗinka wata madadinta. Aikin na da haɗari, sai manyan asibitoci.

Wajen majinyaci 1 cikin 5 ne kawai ke zuwa ciwon na fiɗuwa. Mai ciwon shawara da rama babu dalili, kada ya tsaya ga jiƙo.